Haƙorin Makka na Innarmu

Tanti Mardiyya, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya tsaya mini a wuya. Kada ki buga sunana. Mu mutanen Dumega ne, gidan kiwo, ko da yake ni aure ya kawo ni Kore Mairuwa. Mu biyu muka rage wa mahaifiyarmu, ni da yayana, ɗan farinta, wanda zan kira Abdulhakim. Ya ɗan taɓa lakwal, wato makarantar boko, daga baya ya ajiye sandar kiwo ya kama kasuwanci a Dogon Dutsi, ya kuma duƙufa karatun addini. Ban taɓa ganin laifin wannan ba.

Innarmu tana da haƙorin Makka. Marigayi babanmu ne ya fitar da shanu daga garke suka tafi hajji tare, shi ya tsaya a kanta aka sa mata shi, kuma bai ga wata damina ba bayan sun dawo. Inna ba mai yawan magana ba ce, amma akwai dariya. In tana gidan suna, tun daga bakin shinge za ki hango walƙiyarsa. Jikoki har tsokanarta suke yi, wai ta ara musu su je kasuwa.

Bayan ƙaramar salla matauninta na hagu ya ruɓe, kumatu ya kumbura, ba ta iya cin komai sai fura. Yamai ga nisa ga tsada. Kowa a nan ya san yanzu in ka canza sefa zuwa naira, aikin haƙori a Birnin Kebbi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ni lokacin ina da tsohon ciki, sai na roƙi Abdulhakim ya kai ta, tunda hanyarsa ce, kullum yana ƙetarawa sarin kaya.

Suka dawo an cire mataunin, kumburi ya sace. Amma haƙorin Makka ma babu, sai ɗan guntun da aka goge a ƙarƙashinsa, kamar ƙwayar masarar da ƙwaro ya ci. Na tambaye shi, ya ce likita ne ya ga shi ma ya kamu. Na yarda, Tanti! Har man shanu na aika masa na godiya.

Tun daga ranar Inna ta daina dariya. Kullum bakin mayafi na kan bakinta. Ranar sunan ɗana ma a ɗaki ta wuni.

Watan jiya lokacin komawa a duba ta ya yi, shi ba ya gari, sai na goya jaririna na kai ta da kaina. Wurin ɗan ɗaki ɗaya ne, kujerar aiki da teburin likita duk a ciki. Likitan Bahaushe ne mai fara'a. Da Inna ta fita alwala, na tambaye shi ciwon da ya ci haƙorin gaba. Sai ya yi mamaki, ya ce lafiyarsa lau. Wai ɗanta ne ya ce tsohuwa ta tuba da adon riya, tana so a cire, shi kuma ya naɗe zinaren a auduga ya miƙa wa ɗan.

Abdulhakim ya daɗe yana cewa haƙorin Makka tallan ibada ne, mu kuwa dariya muke yi masa. Ban taɓa zaton zai jira sai tana kwance baki buɗe a ƙasar mutane ba. Ya san shi ɗan fari ne, Inna ba ta haɗa ido da shi, ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce na Dutsi. Ya san har abada ba za ta tambaye shi ba. Wallahi wannan ya fi ƙona mini rai. Ga shi yana nan yana aiko mata da shinkafa da sabulu kamar ba abin da ya faru.

Zuciyata na cewa in tara dangi in tona shi. To amma in na yi haka Inna za ta ji, kuma ina tsoron abin da jin zai yi mata. In na yi shiru kuma, da wane baki zan riƙa gaishe shi?

Ƙanwar da aka yaudara, Kore Mairuwa

'Yar'uwa, barka da arziki, Allah ya raya yaro.

An ci amanarki, an ci ta Inna, ba zan ɓoye miki ba. Ni ba malama ba ce da zan yi fatawa kan haƙori, amma bakin Inna nata ne, kuma ba a gyara wa uwa ibada da ƙarya. Likitan ma da nasa laifin, ya cire abu a bakin babbar mace bai ji daga gare ta ba. Sai dai kada ki yi saurin maida yayanki mugu. Ya ɗauke ta, ya yi jinyarta, kuma da alama a ransa ladan hajjinta yake tsarewa. Kuskure ne babba, amma ba ƙiyayya ba ce.

Yanzu ki dubi abin da kika rubuto. Yayanki Faransanci ya karanta a lakwal, ba Ingilishi ba, likita Bahaushe, to da Hausa suka yi magana. Ɗaki ɗaya ne, Inna na kan kujera. Ina kyautata zaton ta ji komai. Ta zaɓi ta rasa abin da mijinta ya bar mata da ta ƙaryata ɗan farinta a gaban baƙo. Sirrin da kike tsoron ta ji, ita ce take rufe shi, har daga ke. In kika tara dangi, kin watsar da abin da ta ba da haƙorinta don ta rufe.

Ki je wurin yayanki, ke da kawunku ɗaya mai riƙe baki. Ki gaya masa kin sani, kuma Inna ma ta ji da kunnenta. Ki nemi ya kawo mata haƙorin da hannunsa, ya durƙusa ya nemi gafara. Ba sai ta dube shi ba, ba sai ta amsa ba. Daga nan ke, da ba ta jin kunyarki, ki tambaye ta abin da take so, a mayar mata da shi ko a sa fari, don guntun nan bai kamata a bar shi a buɗe ba. In za a koma, ke za ki raka ta.

Masu ƙetarawa neman sauƙi ma su ji: kada ɗan rakiya ya zama wanda mara lafiya ke jin nauyinsa, kuma kada a taɓa jikin mutum sai ya amsa da bakinsa.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya daidaita ku, ya sa jaririnki ya tashi ya san dariyar kakarsa.

Tanti Mardiyya