Asibiti Yana Ƙetaren Kogi

Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Ya ƙanena Gwakisa da gonar ayaba?

Mu nan Pangani lafiya lau. Damina ta kori masu yawon shaƙatawa, masaukin da nake girki ya yi tsit, daga mu sai rurin teku. An ce a da jiragen fatake cika gaɓar nan suke yi. Yanzu jemagu ne a gidajensu.

Cikin surukarki Tumpale ya shiga wata tara. Tana cin abinci, kada ki damu, ƙafafunta ne dai suka kumbura. Asibiti yana ƙetaren kogi, jirgin fito kuma ba ya tashi in ruwa ya haukace. Na gaya wa tsoho Kombo masunci, ya ƙyalƙyale da dariya: "Kai mutumin tudu, mu duk a ɗaka aka haife mu!" Matarsa ba ta yi dariya ba.

Mama, na san kin rantse ba ke ba jirgin ruwa. Don Allah ki zo. Zan riƙe hannunki har mu ƙetare.

Ɗanki,
Lusekelo