Tatsuniya da Rana Tsaka

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ƙarar kaina na kawo: 'yarki ta karya dokarki.

Kina da rai lokacin da ɗana Sani ya tafi karatu Malesiya. Can intanet har ɗakin kwanansu. Mu kuwa sai na tashi daga ofis in bi layi a shagon kwamfuta na Nyanya, kafin shafi ɗaya ya buɗe an dafa wake. In fitar da wasiƙarsa a takarda, in kawo gida Orozo in karanta miki. Kikan ce, "Wannan ƙarfen ya fi direban tasha riƙon amana." Ƙanenki Kawu Ilu da ke ƙauyen Maraɗi kuwa, sai dai a ba mai mota saƙo.

Inna, yau mai doyar bakin titi da waya take ciniki. Kawu Ilu ma in ya hau tudun bayan masallacinsu ina ganinsa a waya, kodayake yawanci kunnensa yake nuna min.

Ga laifin. Sani ya zauna can, ya samu 'ya, ya sa mata sunanki, muna kiranta Ummi. Shekararta shida, Hausarta ba ta wuce "sannu" ba. In na yi magana sai ta juya ta kalli ubanta ya fassara. Jikata fa! Na ce tatsuniya ce maganinta. To amma lokacin da take shirin kwanciya, mu nan ko azahar ba a kira ba. Ke kuma kin ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi a hanya.

Kwana uku ina shawara. Ran na huɗu na rufe taga, na sauke labule ko zan ruɗi rana, na jingina waya da filas ɗin shayi, na ce ga ta nan ga ta nanku. Sai da ubanta ya raɗa mata amsa.

Wata biyar ke nan. Shekaranjiya ina tsakiyar labarin kura layi ya yanke. Da ya dawo, kafin Sani ya buɗe baki na ji ta ce, "Kaka, sai me ya faru?" Da bakinta, ba wanda ya raɗa mata.

Saboda haka ba tuba na zo yi ba, Innata. Yafiya nake nema, don gobe ma zan yi.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya raya takwararki, Ya haɗa mu a Aljanna.

'Yarki mai taurin kai,
Hajara