Inna Ta Sa an Kafa Mini Ƙaho a Kan Dashen Ƙashi

Anti Azumi, don Allah ki agaza mini da shawara, ni dai kaina ya daina aiki.

Direba ne ni a wata ma'aikata a Abuja, amma a Suleja nake zaune. Bara muka yi hatsari wajen Lambata, haƙorana na ƙasa suka zube, muƙamuƙi ya farfashe. Ofis suka kai ni Legas, likita ya yanko ƙashi daga ƙuguna ya dasa a wurin, ya ce in ya kama za a kafa mini sababbin haƙora. Ya ja mini kunne kada komai ya taɓa wurin.

Da na dawo sai haɓata ta kumbura. Mahaifiyata ta zo daga Chaza, ta ce mataccen jini ne, ta aika aka kira wanzamin gidanmu, wanda ya cire mini belu ina jariri. Ya yi tsaga, ya kafa ƙaho. Ina kallo, yaya zan musa wa Inna a gaban mutane? Ko zafi ban ji ba, tun da aka yi aikin leɓena kamar ba nawa ba.

Yanzu wurin yana ruwa, yana wari, ta ciki ina hango wani abu fari. Matata sai kuka, ni ko a jikina. Ci, salla, tuƙi, duk yi kawai nake. Garin maganin kafso ja-da-yalo nake barbaɗa wa wurin. Ban koma asibiti ba, don za a tambayi wanda ya tsaga ni, ni kuwa ba zan tona wa Inna asiri ba.

Mai Kumburin Haɓa, Suleja

Ɗan'uwa, sannu. Inna ba ta yi don mugunta ba, abin da ta sani ta yi, kuma kunyar uwa ba laifi ba ce. Amma rashin jin zafin nan ba sauƙi ba ne. Jijiyar wurin ce ba ta farfaɗo ba, ciwo zai yi ta ci ba ka sani ba.

Ajiye kafson nan. Gobe ka ɗauki matarka ku je wurin likitan haƙori mafi kusa, ya tuntuɓi na Legas. Ka ce an yi ƙaho, ba sunan kowa yake nema ba. Ka gaya masa wannan mutuwar zuciyar ma, ita ma ana duba ta.

Ko za a ceto ƙashin ko sai an sake dashe, ban sani ba. Amma ranar da muƙamuƙin nan ya lalace, Inna ba za ta taɓa yafe wa kanta ba, kuma shirunka ne zai ja mata. Allah ya ba ka lafiya, ya bar maka ita.

Anti Azumi