Idon Jirgin Kalibu

Lahadi, 21 ga Yuli, 2024

Kalibu yana raye. Da wannan na fara.

Muna fitowa daga sujada aka kira ni daga Gaya. Jirgin ƙarfen ɗana, wanda yake ƙetarar da mutane da kaya a kogin Isa, ya banke wani kwalekwalen katako cikin ruwan sama mai kauri, irin wanda matuƙi ba ya ganin ko goshin jirginsa. An tsamo kowa da rai. Shi da kansa ya yi nutso ya fito da wata tsohuwa, kafaɗarsa ta goce. Mahaifiyarsa Saloma ta durƙusa a ƙofar majami'a, kuka da dariya suna rige-rige a fuskarta.

Ruwa ya buɗe baki, bai haɗiye ba,
Mai sama ya riƙe hannunsa, bai saki ba.

Laraba, 24 ga Yuli

Ya iso Maraɗi da hannu rataye a wuya. Na ɗauka kogi ya koya masa abin da na kasa koya masa, zai zauna mu riƙe shagon parabol na tauraron kallo da fanno na wutar rana tare. Ashe ba haka ba.

"Baba, ido nika so ka sa ma jirgina."

Radar yake nufi, na'urar da manyan jirage ke amfani da ita su ga abin da ke gabansu ko da ruwa ya rufe duniya. Na ce ni mai ɗaura tauraron kallo ne a kan rufin mutane, ina ruwana da ruwa? Ya ce waya waya ce, kuma bai yarda da hannun kowa ba sai nawa. Yaron nan ya san inda ake taɓa ni.

Juma'a, 2 ga Agusta

Wani abokinsa a Legas ya turo hotunan guda biyu, duka an taɓa aiki da su. Ɗaya doguwa ce kamar taɓarya a kwance, tana juyawa a fili. Ɗayar a rufe take, kamar masaki da aka kife. Kalibu ya so doguwar don kwarjini. Na hana. Tana shan wuta fiye da ƙarfin batirinsa, kuma jirgin da ake lodin buhunan albasa da igiyoyi da tamfol, wata rana sai ta naɗe wani abu ko ta mari wani. Mun tsaya a kan kifaffen masaki.

Na zaɓa masa da gaskiya. Amma a ƙasan zuciya, Ubangiji ya sani, ina fatan ta ƙi aiki. Tun ina yaro a Tibiri gulbi ya tafi da abokin wasana a kan idona, ban sake yarda da ruwa mai tafiya ba.

Asabar, 10 ga Agusta

Ta iso ta Jibiya, naɗe cikin tsohon bargo. Maƙwabcina Maman Lawali, maƙerin farin ƙarfe, ya leƙo shago ya zagaye ta.

"Malam Titus, wagga tukunya ina murfinta? Ko ita ma baiti za ka yi mata?"

Na ce idan ta yi aiki har da shi zan saka a ciki. Ya ce a rufa masa asiri.

Talata, 13 ga Agusta

Ba zan kai na'ura Gaya ban gwada ta ba. Gulbi ya cika ya batse bana, don haka muka ɗaura ta bisa dogon bututu a bayan motar Maman Lawali, muka nufi gaɓa ta wajen Jiratawa. Na jona batir, allon na'urar ya haska. Rufin kwano na ɗakunan famfon ban ruwa ya fito, gaɓar ƙetare ta fito kamar an zana ta da alli. Kalibu ya yi tsalle har ya manta da kafaɗa.

Sai Tanimu, mai fiton wurin, ya tura kwalekwalensa da fasinja. Muna ganinsa da ido, ga shi nan tsakiyar ruwa. A kan allo babu shi, sai wani ɗigo mai zuwa yana ɓacewa. Na murɗa duk abin da ake murɗawa. Katako ba ya mayar mata da amsa, ga shi kuma ya kwanta daf da ruwa.

Kwalekwalen katako. Abin da aka sayo ta dominsa kenan.

Kalibu ya zauna a ƙasa. Abin da na yi fata ya samu, kuma ban ji daɗin ko ƙwayar gero ba. Na duba fuskarsa na gane zai koma kogi ko da ido ko babu.

Muna shirin kwance waya sai ya damƙe hannuna. "Baba, duba! Mi ne ne wanga?"

Wani ɗigo ne mai haske, tsayayye, yana tahowa. Muka ɗaga kai. Tanimu ne ke dawowa, ya ɗauko mata masu kai kayan ɗakin amarya, an jera kwanoni da tukwanen dalma an ɗaure su sama-sama kamar hasumiya, ana guɗa. Ƙarfen ne ta gani.

Maman Lawali ya yi dariya har ya dafa mota. "To, Kalibu, sai ka aurar da kowane mai kwalekwale a Gaya!"

Matan suka sauka suka tarar da mu dattawa biyu muna rungume da juna. Wata ta tambaya ko mu dangin ango ne.

Alhamis, 15 ga Agusta

Na zana, Maman Lawali ya yanka. Fallayen dalma a sarƙe da juna, kusurwa ta ko'ina, girman ƙwarya, a saman gora. Mun kafa ɗaya a kwalekwalen Tanimu. Ya fito a allo tun daga ƙetare, tas, kamar tauraron asuba. Tanimu ya ce idan ba ta korar kifi ya yarda.

Asabar, 17 ga Agusta

Ƙarar guduma daga safe har yamma. Buhu biyu sun cika. Saloma ta ce kunnenta ya mutu, amma ita ke kai wa maƙeran fura.

Lahadi, 25 ga Agusta

Na dawo daga Gaya jiya. Na kafa bututun a tsakiyar jirgi, sama da kan mutum da tsayin lodi, na ɗora na'urar, na daidaita gabanta da goshin jirgi, na rufe kowace mahaɗar waya don laima. Hannuna ya so ya karkata ta sama yadda ya saba da parabol, sai da na tsawata masa. Masu kwalekwale sun karɓi ƙarafan, wasu da murna, wasu don kunyar furfurata. Kalibu ya fara kai wa mutumin da ya banke.

Na shiga jirgin. Na ƙetare, na dawo, idona a kan allo don kada in dubi ruwa. Daga baya na duba kaɗan. Yana da faɗi. Ba zan ce ba shi da kyau ba.

Litinin, 9 ga Satumba

Kalibu ya kira da la'asar, muryarsa tana sama. An yi ruwa irin na ranar nan, yana tsakiyar kogi da jirgi cike. Ya ga ɗigo a hannun hagu, ya rage wuta, ya kauce. Suka wuce juna da wani kwalekwalen katako har suna jin muryar matuƙin, bai ga fuskarsa ba sai da suka gota.

Na ce ya riƙa duba igiyar da ke ɗaure da gorar masu kwalekwale, rana na cinye ta. Na ce ya goge kan batir. Na ce Maman Lawali yana ƙera wasu, za mu aika da motar Juma'a.

Na fara baiti, ya tsaya a rabi:

Kogi, ga ɗana nan, na sa masa ido,

Sauran bai zo ba tukuna.

Da na ajiye waya Saloma ta dube ni ta gefen ido. "Malam, yau ba ka ce mashi ya dawo gida ba."

Mantawa na yi. Ina jin mantawa na yi.