Murhun Ɗakin Inna

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya haskaka makwancinka, na san ba mai kai maka wannan takarda, ba kuma za ka karanta ta ba. Amma wa zan gaya wa in ba kai ba?

Sanyin bana ya shigo Unguwar Shanu da ƙarfinsa. Murhun nan naka, wanda ka sa mai walda ya yi maka da tsohon wilin mota, yana nan a ɗakin Inna, gindinsa duk ya cinye. Ita kuwa Inna, tsufa ya rikita ta tun bayan tafiyarka, ba ta gane kowa. Ga tari ya sa ta gaba. Likita ya ce hayaƙin itace ne ya lalata mata ƙirji, in ba a raba ta da shi ba, da wuya ta ga wani sanyin. Hadiza ƙanwata ta taso daga Unguwar Rimi da hita ta lantarki, ta ce in fitar da wannan tarkacen kafin ya kashe mana uwa. Tana da gaskiya, ko da yake ka san Hadiza, ko gaskiya za ta faɗa sai ta barbaɗa mata barkono.

Ga abin da ban gaya mata ba. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zaman hira da ni ba. Ko zazzaɓi nake yi, sai dai ta aiko da kunu ta hannun wani. Kowa ya ce kara ce, ni ma na ce kara ce, amma har na fara furfura abin yana cin raina. Kai ma ban taɓa faɗa maka ba.

Yanzu in na dawo daga sallar asuba na tsuguna ina hura murhun, sai ta ɗauka kai ne. Ta kira ni Malam, ta miƙo ƙafafunta wajen ɗumi, sai hira ta ɓarke. Hirar kuma duk ta yaron nan ce, wato ni. Wai yaron nan ba ya cin abinci sosai. Wai in ya tafi makaranta tana leƙensa ta kafar ƙyaure har ya sha kwana. Wai lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi, bayan ɗaki take zagayawa ta yi kukanta don kada surukarta ta gani. Ashe duk ka san wannan, Baba? Me ya hana ka gaya mini?

Na gwada hitar, na jingine murhun a zaure. Ɗakin yana ɗumi muddin ba a ɗauke wuta ba, tarin ma ya lafa. Amma Inna ta juya wa kowa baya, ta daina magana, ko koko ta ƙi karɓa. Na zauna gabanta kamar baƙon da ya yi ɓatan gida.

To yaya zan yi? In na bar ta da hita, yunwa da shiru za su ƙarasa ta. In na mayar da murhun, na ji abin da likita ya ce. Ba zan ɓoye maka ba, ban san ko don ita nake son mayar da shi ba, ko don kaina. Na nemi zaɓin Allah, har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba.

Jiya dai na mayar da shi. Ta shanye kokonta, ta yi tari har sai da na tallafe ta, da numfashinta ya dawo ta ce in shiga kasuwa in saya wa yaron nan rigar sanyi. Hadiza ta daina ɗaga wayata.

Gobe ma zan hura, Baba. Idan Inna ta iso maka kafin damina, kada ka nemi mai laifi da nisa, ni ne. Ka yafe mini.

Allah ya jiƙan ka. Sai mun zo.

Ɗanka,
Auwalu