Baba Bai Amsa Sammacin Kotu Ba

Toledo, 9 ga Maris

Zuwa ga Yayana Curtis,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, kuma sanyin Alaska bai hana ku sakat ba. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan ƙalau muke, sai gwiwar Mama da ke tashi lokaci-lokaci.

Yaya, labarin ba mai daɗi ba ne: gidan wankin Baba na gab da fita daga hannunmu. Ka tuna Dwight, direban da Baba ya sallama bara bayan ya ji ciwo a baya? Ya kai ƙara kotun tarayya, wai saboda ciwon aka kore shi. An miƙa wa Baba sammaci hannu da hannu, an rubuta ƙarara cewa kwana ashirin da ɗaya gare shi ya mayar da amsa a rubuce. Ka san halin mahaifinka. Bai gaya wa kowa ba, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya sayi kek, ya nufi gidan Dwight. Wai sun sha kofi, Dwight har yana tsokanarsa cewa tsoho ya zo biko. Suka yi musabaha, Baba ya dawo ya jefa takardar a durowa, a ganinsa magana ta mutu.

Kotu kuwa ina ruwanta da kek? Da wa'adi ya cika aka ji shiru, lauyan Dwight ya nemi hukunci, alƙali ya ba su gaskiya ba tare da an ji ta bakinmu ba, ya yanka wa Baba diyyar da sai an sayar da gidan wankin za a iya biya. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi wa Baba faɗan da har yau nake jin kunyarsa.

Lauyar da na ɗauka ta ce saura ƙofa ɗaya: a roƙi alƙali ya janye hukuncin, in akwai uzuri mai ƙarfi. Ta tambayi Baba a hankali ko tsufa ya sa bai gane takardar ba. Na ɗan taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafar, ya kira ta 'yata, ya ce sau uku ya karanta kuma ya gane tsaf, ya dai ɗauka musabaha ta isa ne. In za su karɓi shagon su karɓa, amma ba zai rantse cewa ya rikice ba.

Ranar Litinin za a shigar da roƙon da maganarsa yadda ya faɗe ta, kuma lauyar ta ce kada mu sa rai. Na fara wasiƙar nan ne don in ce ka kira shi ka lallashe shi ya sake magana, amma na fasa. Ka kira shi kawai ka gaishe shi.

Ka gaida Denise da Tamika da auta Reggie. Mama da Gwaggo Odessa na gaishe ku.

Ƙanwarka,
Marlene