Mabuɗin Inna Ba Na Kowa Ba Ne

Zuwa ga Yayana Abdulkabir, a Torino.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Mbarka da yara, ya kuma sassauta maka ciwon gwiwar nan. Mu nan Sidi Mumen lafiya lau. An yi sadakar arba'in ta Yaya Bushaib, kuskus ya ishi kowa har aka kai masallaci. Allah ya jiƙansa.

Saƙonka ya iso, cewa in miƙa wa 'yan daban nan mabuɗin in koma wurin Gwaggo a ƙauye kafin su yi mini illa. Yaya, raina ya ɓaci. Ko sanyin Turai ne ya sa ka manta mabuɗin wane ne? Na ƙofar Inna ne, na ɗakin langa-langar da aka haife mu, wanda katafila ta markaɗe muna tsaye muna kallo. Da aka kwaso mu aka zuba a benayen nan, kai ma ka san yadda 'yan unguwa suka riƙa jifanmu suna kiranmu 'yan bola. Bushaib ne ya tara abokansa suna raka matanmu tashar bas da kasuwa, mabuɗin nan na rataye a wuyansa da shuɗin zare. Daga nan aka fara ce musu 'Yan Mabuɗi, suna zana shi a ƙofar duk gidan da suke karewa. Asalin ke nan, ba abin da na yau suke faɗa ba.

Ka daɗe ba ka zo ba, ba ka ga abin da suka zama ba. Sun rabu biyu. Mutanen Milud suna zana mabuɗi haƙoransa sama, na Hammuda haƙora ƙasa, a kan wannan kaɗai ake sare mutum da adda. Kowa da nasa zanen a dantse da shuɗin zare a hannu, sana'ar kuwa ƙwaya da ƙwacen waya. Sun kuma yi wa kansu doka, wai duk wanda ya riƙe mabuɗin Bushaib na ainihi shi ne babba, ɗayan ya bi. To mabuɗin ya zo hannuna tare da jallabiyarsa.

Milud ya fara zuwa, bayan Juma'a. Ya sumbaci kaina, yana ta Gwaggo Zuhur kaza, Gwaggo Zuhur kaza, ya ce Bushaib ne uban ƙungiyarsu, gadonsa ya zo karɓa. Na zuba masa shayi, na tambaye shi ko ya san launin ƙofar da mabuɗin yake buɗewa. Ya shanye shayinsa ya fita. Hammuda bai ma wahalar da kansa da gaisuwa ba, aikowa ya yi. Da na hana su duka, gari ya waye na tarar an zana mabuɗi a ƙofata an ja masa layi. Ka san ma'anarsa: an cire hannu daga gidan, duk mai so ya shiga. Ba zan ɓoye maka ba, na ji tsoro. Amma idan na ba ɗaya, ɗayan zai zubar da jini a ƙofata, idan kuma na gudu, sau biyu ke nan ana korata daga gida. Sau ɗaya ya isa.

Sai na ɗauki mabuɗin na kai wa Si Larabi mai yankan mabuɗi, na ce ya yanka mini arba'in irinsa. Na jiƙa su a ruwan gishiri har suka yi tsatsa, na juye su duka a akushin kuskus, har da na ainihin, na gauraya. Duk tsohuwar da ta zauna a langa-langa tare da Inna na rataya mata ɗaya da shuɗin zare. Yanzu in ka je layin burodi, ko'ina mabuɗi ne a wuyan kakanni. Hajja Hniya, wadda ta haifi Hammuda, ita ta fara karɓa. Ranar kasuwa ta tare shi a gaban yaransa, ta riƙo zaren ta ce, "Ga shi, ɗan nema. In kai namiji ne, cire daga wuyan uwarka." Bai ɗago kai ba. Milud kuwa ya daina bin layinmu.

Ban ce an gama ba, mai yiwuwa su dawo. Zanen yana nan a ƙofata, ban goge ba, kuma ina nan.

Ka gaishe da Mbarka, da Sumayya da mijinta, da Idris mai sunan Baba. Maƙwabciyata Rkiya tana gaishe ka, Gwaggo ma ta aiko da gaisuwa daga ƙauye. Abin da ka ji yana motsi a ambulan naka ne, kai ma ɗan wannan ɗakin ne. Kada ka tambaye ni ko shi ne na ainihi, wallahi ni ma ban sani ba.

Ƙanwarka da ba ta tashi,
Zuhur